Yadda Tasi'u Ya Auna Tirela da Goruba

A Lajawa babu wanda ya naɗa Tasi'u injiniya, shi ya naɗa kansa. Asalin abin, ya taɓa yin wata bakwai yana bin wata motar shanu zuwa Fatakwal, aikinsa sa wa taya dutse in an tsaya a gangara. Daga wannan wata bakwai ya dawo da ilimin da yau shekara goma sha biyar bai gama ba da labarinsa ba. Yana da wata 'yar jar mota, ƙofa biyu ke buɗuwa cikin huɗu, ya raɗa mata suna Giwa.

Garzali ɗan kawunsa ne, wato taubasai suke, ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Amma kwanakin nan tsiyar ta ja baya, domin Malam Gidaɗo, mahaifin Garzali, ya rasu kwana ashirin da suka wuce. Ya bar gona, ya bar gida, ya bar wani doki bidi da ya yi shekara goma sha huɗu yana hawa zuwa gona da kasuwa. Sunan dokin ma Bidi, tsohon bai wahalar da kansa neman wani ba.

Ranar Litinin Bidi ya fara ɗingishi. Kafin Laraba ƙafarsa ta gaba ta kumbura, ya daina taka ta, ya daina cin dusa. Inna, mahaifiyar Garzali, tana cikin takaba, ta leƙo ta tagar ɗakinta ta dubi turken, ta ce, "Garzali, kada ka bari a ce mun rasa su biyu a wata ɗaya."

Garzali ya bugi wayar Dakta Suwaiba, likitar dabbobin da ke zuwa daga Kano duk Juma'a tana duba shanu a Kara ta Wudil. Ta saurare shi ta ce, "Ka kawo shi kafin sha biyu. Sha biyu na yi zan kama hanyar Kano. Kuma kada ya tako, ɗauko shi za ka yi. Yadda ka kwatanta ƙafar nan, ba za ta kai wata Juma'ar ba."

A bayan gari akwai gonar Alhaji Ridwan, tsohon ma'aikacin gwamnati, yana da wata 'yar tirela ta ɗaukar doki da ya saya a gwanjo. Ranar Alhamis da safe Garzali ya je, aka gaisa, aka sake ta'aziyya, aka yi wa mamaci addu'a. Alhaji ya ce, "Tirela taka ce, Gidaɗo ya wuce haka a wurina. Sai dai a-kori-kurata tana wurin makaniki a Kano. Ka samo mota mai ƙarfi, wadda ke da ƙwallon ja a baya. Ka ga kofin nan na ƙarshen hannun tirelar? Shi ke haɗiye ƙwallon. Dole su dace cif. Sannan a sa sarƙa, ko da ya zame."

Garzali ya buga wa masu a-kori-kura huɗu waya, duk sun yi alkawarin kayan kasuwar gobe. Yana tsaye yana zufa sai ga ƙarar Giwa, domin ana jin ta kafin a gan ta.

"Ana neman mota mai ƙarfi ina raye?" in ji Tasi'u, yana fitowa ta ƙofar fasinja.

Garzali ya ce, "Bawana, doki za a ɗauka, ba zakara ba."

"Kai yaro, ni da na ja shanu arba'in har Fatakwal?"

"Kai ka ja su ko direba?"

"Direba sitiyari kawai ya riƙe. Kuma Malam Gidaɗo kawuna ne. In na bari wani bare ya ɗauki dokinsa, da wane ido zan dubi Inna?"

Nan ya kama Garzali. Kuma babu wata motar.

Alhaji Ridwan ya ce, "To, akwai lamba a jikin kofin. Ku rubuta ku kai wa mai walda, ya ba ku ƙwallo daidai da ita."

Tasi'u ya yi murmushi irin na manya. "Alhaji, lamba ta masu koyo ce."

Ya zura hannu a aljihu ya fito da goruba uku. Ya tsuguna ya cusa ta farko a kofin, ta faɗo. Ta biyu ta ƙi shiga. Ta uku ta shige ta zauna daram, sai da ya sa tsinke ya ƙwaƙulo ta. Ya ɗaga ta sama kamar ya tsinci zinariya. "Ga ma'auni. Takarda tana ɓata, lamba tana ruɗa mutum, amma goruba ba ta ƙarya."

Alhaji ya dubi Garzali, Garzali ya dubi ƙasa.

Suka kama hanyar Wudil. Tasi'u yana tuƙi da hannu ɗaya yana ba da labarin ranar da birki ya tsinke musu a wata gangara, shi kaɗai ya tsayar da mota da dutse. Labarin Tasi'u ba ya tafiya sai baki na motsi. Ya gaigaye gorubar farko, ya jefar da ƙwallonta ta taga. Ya gaigaye ta biyu. Garzali yana can yana tunanin ƙafar Bidi, da ya waiwayo sai ya ga ta ukun a bakin Tasi'u, an zagaye ta da haƙori tas.

"Inna lillahi! Ba ita ce ma'aunin ba?"

Tasi'u ya cire ta ya duba. Ya yi shiru kamar na daƙiƙa biyu, wanda a wurinsa doguwar jinya ce. Sannan ya ce, "Da gangan ne. Ƙarfe yana kumbura in ya ji rana. Duk injiniya yana rage wani abu. Ka yi karatu kuwa?"

"Na yi firamare, ba a koya mana cin ma'auni ba."

"Shi ya sa."

Bilya mai walda yana da wani tsohon bokiti cike da ƙarafan da ya cire daga matattun motoci. Ya karɓi gorubar da yatsa biyu, don har yanzu da yawu a jikinta.

"Injiniya, wannan gorubar an yi mata aski."

"Ka ba ni daidai da ita."

Bilya ya tona ya fito da ƙwallo biyu. "Yawancin tirelolin nan wannan babban suke ci. Wanda ya dace da gorubarka kuwa, ga shi, ƙarami ne."

"Ka ga tirelar?"

"Ban gani ba."

"To ni na gani. Sa ƙaramin."

Bilya ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin Giwa. Ya ce sai an haɗa wani ƙarfe a jikin shasi, a ɗaure da noti, aikin yini guda ne. Tasi'u ya ce a liƙa a bamba kawai.

"Bambar nan ai waya ce ke riƙe da ita."

"Wayar Fatakwal ce."

"Sarƙa fa?"

"Sarƙa ta fursuna ce. Wanda ya yarda da aikinsa ba ya sa sarƙa."

Bilya ya sa baƙin gilashinsa, ya juya wurin Garzali. "Ɗan marigayi, kai ne shaida. Na faɗa sau nawa?"

"Sau uku."

"Alhamdu lillahi." Ya kunna wuta.

Ranar Juma'a da hantsi rabin unguwa ta taru a ƙofar gidan marigayi. Maza shida suka tallafi Bidi yana tsalle da ƙafa uku har ya shiga tirela. Tasi'u ya sa farin gilashi da hular sanyi, ko da yake damina ce ana zufa. Ya kifa kofin a kan ƙwallon, kofin ya zauna yana rawa kamar hular uba a kan jariri.

Wani dattijo ya ce, "Injiniya, abin nan kamar yana girgiza."

"Baba, numfashi yake yi."

Garzali ya ƙi shiga Giwa. Ya hau tirelar ya tsaya kusa da kan dokin, ya riƙe ragama, yana yi masa ɗan fiton da tsohon yake yi masa. Aka yi addu'a aka shafa. Giwa ta yi tari, ta yi gurnani, ta motsa. Mutane suka ce, "Allah ya kiyaye hanya," kuma a wannan karon da gaske suke.

Sun yi tafiyar da ba ta fi ta shan ruwa ba suka iso wani kwalbati. Giwa ta hau ta sauka. Tirela ta hau, kofin ya yi tsalle ya rabu da ƙwallon cikin mutunci, babu ko ƙara. Garzali ya ga Giwa tana ƙanƙancewa a gabansa. Ya yi ihu, ya ɗaga hannu. Tasi'u ya fito da nasa hannun ta taga ya ɗaga masa babban yatsa, ya ƙara wuta.

Tirelar ta gangara a hankali ta sauka daga hanya, ta shiga wata gonar gyaɗa, ƙasar damina ta riƙe ta. Bidi ya yi nishi ya jingina da Garzali. Allah ya tsare, bai faɗi ba.

Mai gonar, wata tsohuwa da ake kira Iya Talatu, tana jan ruwa a rijiyar bakin gona. Ta ajiye guga ta matso.

"Sannu ɗan nan. Daga ina doki a akwati?"

"Daga Lajawa, Iya."

"Shi yake tuƙawa ko kai?"

Sai da aka yi kusan rabin sa'a Giwa ta dawo. Tasi'u ya fito ya zagaya tirelar yana kaɗa kai.

"Garzali, me ka taɓa?"

"Me na taɓa? Har ina ka kai?"

"Na kusa kwalta. Ina ta cewa a raina, yau Giwa ta nuna kanta, ko nauyi ba ta ji."

Iya Talatu ta ce, "Ba ka da madubi ne, ɗan nan?"

"Iya, gwani gaba yake kallo."

"To ga gyaɗata a bayanka, gwani."

Tasi'u bai karaya ba. Ya ciro tsohon tub na taya daga but, ya yayyanka, ya naɗe ƙwallon har ya yi ƙiba. Masu wucewa suka taimaka aka turo tirelar kan hanya, aka danna kofin da ƙafa. Sannan ya dubi igiyar gugan Iya Talatu.

"Kada ka soma," in ji ta.

Garzali ya ce, "Iya, dokin mahaifina ne, Malam Gidaɗo. Likita za mu kai shi kafin sha biyu."

Tsohuwar ta dube shi. "Gidaɗo mai bidi? Allah ya jiƙansa, bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba." Ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa wa Garzali. "Don shi na bayar. Wannan mai gilashin kuwa, ko ruwa ba zan ba shi ba."

Tasi'u ya ɗaure kofin da bamba, ƙulli bisa ƙulli, irin ɗaurin da ake yi wa sa mai tunkuyi. Yanzu kam an haɗu. Sai dai da nauyin ya zauna sosai, gindin Giwa ya durƙusa, gabanta ya ɗaga sama kamar mai roƙon ruwa. Tasi'u ya murɗa sitiyari hagu, mota ta tafi inda ta ga dama.

"Nauyi ake buƙata a gaba," in ji shi. "Wannan ƙaramin lissafi ne."

Allah ya kawo Mudassir mahauci, yana bakin hanya yana jiran motar kasuwa. Mudassir mutum ne da in ya shiga mota ake ce masa kujera biyu. Tasi'u ya yi masa tayin tafiya kyauta, a bisa sharaɗin ya zauna a kan bonet.

"A kan me?"

"Wurin manya ne. Iska ta ko'ina."

Mudassir ya hau, Giwa ta sauke gabanta da wani dogon nishi. Matsala ɗaya ta rage: bayan Mudassir ya rufe gilashin gaba gaba ɗaya. Tasi'u ya fito da kai ta taga, Mudassir kuma yana ba da labarin hanya.

"Rami! Hagu! Na ce hagu, Injiniya!"

"Hagunka ko haguna?"

"Ai duk gaba muke kallo!"

Haka suka hau kwalta, suna tafiyar hawainiya. Masu babur suna bin su suna ɗauka a waya. Wata mota cike da fasinja ta rage gudu, direban ya ce, "Maigida, amarya ce a gaba ko a baya?" Garzali bai ji dariyar ba. Idonsa na kan agogon wayarsa, ɗaya hannun yana shafa wuyan Bidi da ya jiƙe da gumi. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu saura kwata.

Dab da Kara hanya ta ɗan gangara, ga kasuwa ta cika maƙil. Wani Bafulatani ya koro shanu zai tsallaka titi.

"Shanu!" in ji Mudassir. "Birki! Birki, don girman Allah!"

Tasi'u ya taka birki. Giwa ta yarda ta tsaya, tirela ba ta yarda ba, don ba wanda ya gaya mata. Ta tura gindin Giwa gefe, motar ta juya ta gindaya a titi. Mudassir ya tashi sama da babbar rigarsa ya sauka a kan buhunan dusar wani ɗan kasuwa, ƙura ta turnuƙe. Sai aka ji ƙaras, bamba ta rabu da Giwa. Igiyar Iya Talatu ce kaɗai ta cika alkawari: tana nan ɗaure da bambar, bambar tana reto a hannun tirela. Giwa ta tare hannu ɗaya na titi ta mutu, tirela ta tare ɗayan.

Garzali ya rungume kan dokin har abin ya lafa. Bidi yana tsaye, yana rawar jiki, amma yana tsaye.

Cikin minti biyar hanya ta cushe gaba da baya. Motocin shanu, motocin fasinja, masu babur, kowa na danna oda. Mudassir ya taso fari fat kamar fatalwa yana neman Tasi'u, mai dusa yana neman Mudassir. Tasi'u kuwa ya hau kan dutse yana yi wa jama'a bayani.

"Ku lura da kyau, ƙwallon bai fita ba! Aikina yana nan! Bamba ce ta ci amana!"

Wani direba ya ce, "Wa ya ba ka lasin?"

"Ni da na ja shanu arba'in..."

"Ka ja wannan akwalar daga hanya tukuna!"

Garzali ya duba waya. Sha biyu da minti goma. Ya bugi lambar likita, ba a ɗauka ba. Ya sake, ba a ɗauka ba. Ya zauna a bakin tirela ya haɗa kai da gwiwa. Bai san da bakin da zai gaya wa Inna ba.

"Wane mara hankali ne ya tare hanya?"

Muryar mace ce. Jama'a suka dare. Wata mata ce da farar riga a kan atamfa, da takalmin roba har gwiwa, ranta a ɓace. Ta baro motarta can cikin cunkoso ta tako don ta ga mai laifi da idonta. Sai ta ga doki yana ɗage da ƙafa ɗaya.

"Kai ne Garzali na Lajawa?"

Ya miƙe zumbur. "Ni ne, Dakta."

"Tun sha ɗaya nake duba hanya. Ku sauko da shi a hankali. Wani ya karɓi mukullin nan ya ɗauko min jakata."

A gefen titi, a inuwar wata motar shanu, Dakta Suwaiba ta ɗaga kofaton ta wanke ta kankare. Mahauta huɗu suka riƙe dokin, har da Mudassir da dusarsa. Ta sa wani ɗan ƙarfe ta zaro guntun ƙusa mai tsatsa, mugunya ta biyo baya. Ta wanke, ta ɗaure, ta yi masa allura biyu.

"Da ya ƙara kwana biyu, da wani zancen ake yi," in ji ta. "Zai tashi in sha Allahu." Ta juya ta dubi bamba da igiya da tsumman tub. "Wa ya yi wannan ɗaurin?"

Hannu ya fi hamsin ya nuna wuri ɗaya. Tasi'u ya gyara gilashi ya matso.

"Ni ne injiniyan aikin, ranki ya daɗe."

"A ina ka yi karatu?"

"Hanyar Fatakwal."

"Ka san ka kusa kashe doki da mutum biyu?"

"Dakta, tambaya ɗaya. Sha biyu ta wuce ko ba ta wuce ba?"

"Ta wuce."

"Da ban tare hanya ba, da yanzu kina ina?"

Dakta ta harare shi. Ta ce, "Da na yi nisa."

Tasi'u ya juya wurin jama'a ya buɗe hannuwa. "Kun ji da kunnenku. Wani yana kai mara lafiya wurin likita. Gwani kuwa likitan yake tsayarwa."

Aka fashe da dariya, har direbobin da suka zo duka. Dakta ta rufe jakarta ta ce wa Garzali, "Gaskiya ya faɗa, kuma shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Ka nemi a-kori-kura mai ƙwallo daidai da sarƙa ta mai da shi gida. In na ji an sake haɗa shi da wannan jar motar, kai zan yi wa allurar."

Aka tura tirela gefe. Janwe ta kutso ta ɗaga gaban Giwa, don ko turawa ta ƙi yi. Tasi'u ya bi direban janwen yana cewa, "Malam, ba nan ake saƙala ƙugiya ba. Tsaya in nuna maka." Direban ya ja mota bai ko dube shi ba, Tasi'u ya bi su da gudu, bamba a kafaɗa, yana ci gaba da ba da shawara.

Garzali bai bi su da kallo ba. Wani mai babur da cunkoso ya riƙe yana tsaye kusa da su, ya ɗauro ɗanyar ciyawa himili guda zai kai kasuwa. Bidi ya miƙa wuya ya shinshina, ya fizgi cin baki ɗaya, ya tauna, ya sake fizga.

"Kai! Kai! Mai doki, dokinka yana cinye min kaya!"

Garzali ya riƙe kan babur ɗin da hannu biyu, idonsa ya ciko.

"Malam, don Allah kada ka motsa," in ji shi. "Kwana uku ke nan bai ci komai ba."